Gasa a Tsarin Lafiyar Kowa da Kowa: Ina Take Rage Ɓarna, Ina Take Haifar da Ita?

Duk ƙasar da ta ɗauki alkawarin cewa ba wanda zai rasa magani saboda talauci, ba a daɗewa sai ta tarar kuɗin ba ya isa. Tsofaffi suna ƙaruwa, sababbin magunguna suna fitowa da tsada, layin masu jiran tiyata yana ƙara tsawo. A nan ne ake samun masu cewa a shigo da gasa: a bar asibitoci su yi rige-rigen marasa lafiya, a bar kamfanonin inshora su yi zawarcin jama'a, wanda ya fi iya aiki ya fi samu. Wasu kuma su ce lafiya ba haja ba ce da za a baje a kasuwa. An shafe fiye da shekara 30 ana gwada wannan magana a aikace a Ingila da Holan da Jamus da Suwizalan, kuma abin da gwajin ya nuna shi ne gasa tana sa mutane su kyautata abin da ake auna su da shi, su yi sakaci da wanda ido ba ya kai wa. Ke nan kafin a ce gasa alheri ce ko sharri, sai an san su wa ke yin ta, a kan me suke yi, kuma wa ke riƙe da ma'auni.

Mai sayen gero a kasuwar Dawanau yana cusa hannu cikin buhu, ya murza, ya duba tsakuwa, in bai yi masa ba ya wuce rumfa ta gaba. Mara lafiya ba shi da wannan damar. Bai san abin da ke damunsa ba sai likita ya faɗa, kuma likitan da ya faɗa shi ne zai sayar masa da aikin. In aka yi masa tiyata ya warke, ba zai iya rantsewa cewa tiyatar ce ta warkar da shi ba. In kuma ciwon na gaggawa ne, motar asibiti ce ke zaɓar inda za a kai shi. Ƙari a kan haka, a tsarin kowa da kowa ba shi ne ke biya ba, asusun gwamnati ko na inshora ne. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi bayanin wannan bambanci tun 1963, kuma har yau shi ne tushen muhawarar.

Abin da ake nufi da rage ɓarna ma kashi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai yin aiki ɗaya da kuɗi kaɗan, misali tiyatar da ake kwantar da mutum kwana biyar a mayar da ita ta kwana biyu ba tare da ya cutu ba. Akwai kuma yin aikin da ya dace tun farko, wato kar a yi tiyatar da ba a buƙata ko da an iya yin ta da araha. Gasa ta fi taimakawa a na farko. A na biyu sau da yawa ita ce ke jawo matsalar.

Ingila: gwaji biyu, sakamako biyu

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta fara aiki ranar 5 ga Yulin 1948, da kuɗin haraji, magani kyauta a wurin da ake karɓarsa. Shekara 40 ana ba kowane asibiti kasonsa na shekara bisa abin da ya saba samu. Illar wannan a fili take: asibitin da ya dage ya duba mutane da yawa, kasonsa ne zai ƙare da wuri, wanda ya yi sanyin jiki kuma ya kai ƙarshen shekara da rara. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi doka a 1990, ta fara aiki a Afrilun 1991, wadda ta raba hukumar gida biyu. Ɓangare ɗaya masu saye, wato hukumomin lafiya na gundumomi da wasu likitocin unguwa da aka damƙa wa kuɗi a hannu. Ɗaya ɓangaren masu sayarwa, wato asibitoci. Kowane asibiti ya yanka farashinsa, masu saye su yi ciniki.

Me mai saye yake iya gani a lokacin? Farashi, da tsawon layin jira. Ba a wallafa adadin masu mutuwa a kowane asibiti ba. Binciken da Carol Propper da abokan aikinta suka yi a kan shekarun 1990 ya gano cewa a yankunan da asibitoci suka fi yawa, gasa ta fi zafi, layin jira ya ragu, amma mutuwar masu bugun zuciya ta fi ta yankunan da ba gasar. Asibitocin ba mugunta suka yi ba. Sun karkatar da kuɗi da ma'aikata zuwa abin da ke kawo kwangila, abin da ba a tambaya kuma ya samu ragowa.

Gwamnatin Tony Blair da ta zo a 1997 ta soke riƙon kuɗi a hannun likitocin unguwa, amma bayan 'yan shekaru ta dawo da gasa da wata siga dabam. Daga 2003 aka fara biyan asibitoci ƙayyadadden farashi na ƙasa baki ɗaya a kan kowane aiki. A Janairun 2006 aka ba mara lafiya damar zaɓar ɗaya daga asibitoci huɗu ko biyar in za a yi masa aikin da ba na gaggawa ba, a 2008 kuma aka buɗe masa duk asibitin da ya cika sharaɗi. Kuɗi yana bin mara lafiya duk inda ya tafi. Tunda farashi ɗaya ne, asibiti ba zai iya janyo kowa da araha ba, sai dai da suna mai kyau da saurin aiki. Manyan bincike biyu, na Zack Cooper da abokansa da na Martin Gaynor da abokansa, sun gano cewa bayan 2006 mutuwar masu bugun zuciya ta fi saurin raguwa a inda gasa ta fi yawa, na biyun kuma ya nuna kwanakin jinya sun ragu ba tare da kashe kuɗi ya ƙaru ba.

An soki waɗannan binciken, kuma sukar tana da ƙarfi. Mai bugun zuciya ba ya zaɓar asibiti, to ta yaya zaɓi zai cece shi? Masu binciken suka ce gasa tana gyara shugabancin asibiti gaba ɗaya, gyaran kuma ya taɓa kowane sashe. Ban da haka, a waɗannan shekarun an riƙa ƙara wa NHS kuɗi sosai kowace shekara, an kuma kafa wa'adin mako 18 daga turawar likita zuwa fara magani, ana tsige shugabannin asibitin da suka kasa. Sikotilan, wadda ta rushe tsarin saye da sayarwar a 2004, ita ma layinta ya ragu. Hukuncin da ya fi adalci shi ne gasa a kan ƙayyadadden farashi ta kawo ɗan amfani na gaske, gasa a kan farashi kuwa ta yi kisa. Wannan bambanci shi ne darasi mafi tsada da Ingila ta saya.

Yadda ƙayyadadden farashi yake aiki, da inda yake yoyo

Ana tattara cututtuka da ayyuka masu kama da juna, masu cin kuɗi kusan ɗaya, a zuba su rukuni-rukuni. Kowane asibiti ya kawo lissafin abin da ya kashe a kan kowane rukuni, a fitar da matsakaici, a ɗan ƙara wa asibitocin da ke wuraren tsadar rayuwa irin Landan. Wannan matsakaicin shi ne farashi. In asibiti ya yi aikin ƙasa da haka ya riƙe rara, in ya zarce ya ɗauki asara. Amurka ce ta fara wannan a shirinta na tsofaffi, Medicare, a 1983, Jamus ta ɗauka a 2003 zuwa 2004.

Amfaninsa na farko yana zuwa da sauri: kwanakin jinya suna raguwa, ana mayar da ƙananan tiyatoci na yini guda, ana daina barin ɗakin tiyata a rufe da rana tsaka. Daga nan sai dabaru su fara. Akwai kumbura takarda: mai ciwon huhu da ke da ɗan hawan jini sai a rubuta shi a rukunin masu ciwo mai sarƙaƙiya, wanda kuɗinsa ya fi yawa. Asibitoci har ma'aikata na musamman suke ɗauka don wannan rubutu, masu biya su ma su ɗauki masu bincikensa, kuma duk albashin nan daga kuɗin magani yake fita. Akwai sallamar gaggawa: a sallami tsohuwa tun ba ta iya taka ƙafa ba, bayan kwana goma ta dawo, a sake karɓar kuɗi a matsayin sabuwar kwanciya. Ingila ta toshe wannan a 2011 da ƙin biyan wasu dawowar gaggawa da suka faru cikin kwana 30. Akwai kuma yawaita aiki. Tunda kowace tiyata kuɗi ce, gwiwar da motsa jiki zai iya gyarawa sai a ce a canza ta. Jamus, mai gadajen asibiti kusan 8 ga kowane mutum 1,000, wato kusan ninki uku na Birtaniya, ta daɗe tana fama da wannan a tiyatar ƙugu da gwiwa da ƙashin baya.

Wanda ya fi ciwo shi ne abin da ya samu ma'aikatan jinya. Likita mai tiyata yana shigo da kuɗi, nas kuwa a lissafin asibiti kashewa ce kawai. Asibitocin Jamus suka riƙa matse yawan nas-nas har gwamnati ta cire albashinsu daga cikin ƙayyadadden farashi a 2020, ta koma biyan sa dabam. Dokar gyaran asibitoci da aka zartar a ƙarshen 2024 ta ƙara gaba: kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin asibiti za a riƙa biya ne don yana nan a shirye da ma'aikata da kayan aiki, ko mara lafiya ya zo ko bai zo ba. Dalilin a bayyane yake. Ɗakin haihuwa da sashen yara da na gaggawa dole su kwana a buɗe, kuma biyan kuɗi bisa yawan aiki ba ya ɗaukar nauyin daren da ba kowa.

Ana iya juya farashin nan ya yi aikin kirki in an ɗaure shi da sharaɗi. A 2010 Ingila ta fito da ƙarin kuɗi a kan karayar ƙugu, wadda ke yawan kashe tsofaffi. Asibiti ba ya samun cikakken farashi sai an yi tiyatar cikin awa 36 da isowa, likitan tsofaffi ya duba majinyacin, an binciki dalilin faɗuwarsa da ƙarfin ƙashinsa. Kowane sharaɗi abu ne da ake iya rubutawa da agogo da sa hannu. Asibitoci suka sake tsarin ɗakunan tiyatarsu saboda shi, kuma yawan waɗanda ake yi wa aiki a kan lokaci ya tashi. Lura cewa ba gasa ce ta yi wannan ba, mai biya ne ya san abin da yake so ya saya.

Sai kuma batun cibiyoyin 'yan kasuwa da aka shigo da su daga 2003 don yin tiyatar yanar ido da ƙugu da gwiwa. Suna da sauri, kuma sun taimaka wajen rage layi. Amma ba su da sashen kulawa mai zurfi, don haka mai ƙiba sosai ko mai ciwon zuciya ko ƙoda ba sa karɓarsa. Masu sauƙi suka tafi can, masu wuya suka rage wa asibitin gwamnati, a kan farashin da aka lissafa bisa matsakaicin duka biyun. A kwangilolin farko ma an lamunce musu kuɗi ko sun yi aikin ko ba su yi ba. Duk wanda zai kwatanta asibiti da asibiti, ya fara tambayar wane irin majinyaci kowanne yake karɓa.

Dokar 2012 ta ministan lafiya Andrew Lansley ta kai gasa ƙololuwa: ƙungiyoyin likitocin unguwa 211 masu sayen aiki daga asibitoci, da tilasta tallata kwangiloli da yawa. Lauyoyi suka samu aiki. A 2013 hukumar kula da gasa ta hana asibitocin Bournemouth da Poole haɗewa, ba su haɗe ba sai 2020. Kamfanin 'yan kasuwa na Circle da aka ba ragamar asibitin gwamnati na Hinchingbrooke a 2012 ya ajiye shi a 2015. A halin nan kuwa majinyacin da ya fi cin kuɗi ya canza kama: dattijo ne mai suga da hawan jini da ciwon ƙoda a lokaci guda, wanda ke buƙatar likitan unguwa da asibiti da masu kula da shi a gida su yi aiki tare, ba su yi takara a kansa ba. Dokar 2022 ta rushe ƙungiyoyin sayen, ta kafa hukumomin haɗin gwiwa 42. Zaɓin asibiti ga mara lafiya yana nan, amma tilasta tallata kwangila ya kau.

Gasar kamfanonin inshora: farautar masu lafiya

Holan ta bi wata hanya. Daga 2006 kowa dole ya sayi inshora daga kamfani mai zaman kansa. Gwamnati ce ke fayyace abin da kunshin dole ya ƙunsa. Kamfani ba shi da ikon ƙin kowa, kuma kuɗin wata ɗaya ne ga duk mai riƙe da irin takarda ɗaya, saurayi ne ko mai shekara 80. Yara 'yan ƙasa da 18 gwamnati ke biya musu, masu ƙaramin ƙarfi ana ba su tallafi, babba kuma yana biyan yuro 385 na farko daga aljihunsa a shekara, ban da ganin likitan unguwa. A watan Nuwamba kamfanoni ke bayyana farashin baɗi, mai son sauya sheƙa yana da zuwa ƙarshen Disamba ya ajiye tsohon.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin magani ba ya rabuwa daidai a kan jama'a. A Amurka, kashi 5 cikin 100 na mutane ne ke cin kusan rabin abin da ake kashewa a shekara, kuma haka siffar take a ko'ina. A ƙaddara kamfani yana da mutum 1,000, kowa na biyan naira 10,000 a shekara, an tara miliyan 10. Mutum 950 suna cin 5,000 kowanne, miliyan 4 da dubu 750 ke nan. Sauran 50 masu ciwo mai tsanani suna cin 100,000 kowanne, miliyan 5. Riba ta rage 250,000. In kamfanin ya dage ya rage ɓarna da kashi 5 cikin 100 a duk ayyukansa, aiki mai wuyar gaske, zai tsira da 487,500. In kuwa ya lallaɓa 10 kawai daga cikin masu ciwon nan suka koma wani kamfani, ya rasa 100,000 na kuɗin shiga, ya huta da kashe miliyan 1, ribarsa ta ƙaru da 900,000. Korar mutum goma ta fi gyaran kamfani gaba ɗaya riba kusan ninki biyu.

Doka ta hana kora a fili, amma hanyoyin ɓoye suna da yawa: talla ga ɗalibai kawai, rajista ta intanet kawai, ƙin ƙulla kwangila da asibitin da ya yi suna a kan wata cuta mai tsada, jan ƙafa wajen amsa wa mai ciwo. Maganin shi ne asusun daidaita nauyi. Ana tara babban kason kuɗin a wuri guda, a Holan kusan rabi yana fitowa daga abin da ake cirewa bisa albashi, sannan a raba wa kamfanoni gwargwadon nauyin mutanen da kowanne ya ɗauka. Lissafin Holan yana duba shekaru da jinsi, magungunan da mutum ke sha a kai a kai, cutar da aka kwantar da shi a kanta a baya, yankin da yake zaune, hanyar samun kuɗinsa, da ko ya ci kuɗi mai yawa shekaru a jere. In lissafin ya yi kyau, mai wankin ƙoda ya daina zama asara, har kamfani ya so ya kware wajen kula da shi.

Ƙasashen da suka yi sakaci da wannan sun sha wuya. Suwizalan ta fara nata tsarin a 1996 da daidaitawa bisa shekaru da jinsi kaɗai, kamfanoni kuwa suka buɗe ƙananan rassa masu araha don kwashe matasa. Sai a 2012 aka ƙara kwanciyar asibiti a cikin lissafin, a 2020 aka ƙara magunguna. Jamus ta ba jama'a 'yancin zaɓar asusun inshora a 1996, ta shigar da cututtuka 80 cikin lissafi a 2009. Sai wata sabuwar dabara ta ɓullo: tunda mai ciwo a takarda yana kawo kuɗi, asusun inshora suka fara ƙarfafa likitoci su rubuta mutane da ciwon da ya fi nasu. A 2016 shugaban asusun TK, Jens Baas, ya fito ya faɗi haka a jarida, har ya haɗa da nasa asusun.

To ko gasar ta rage kashe kuɗi a Holan? Kamfanoni sun haɗe har manya huɗu suka riƙe mafi yawan jama'a, masu sauya kamfani a shekara ba sa kai kashi 10 cikin 100. Makamin da aka ba su shi ne ƙin ƙulla kwangila da asibitin da bai iya aiki ba, kuma kamfanin CZ ya gwada hakan a 2010 a kan tiyatar sankarar mama. Amma jama'a ba sa yarda kamfanin inshora ya zaɓar musu likita, kuma a Disambar 2014 majalisar dattawa ta kayar da ƙudurin da zai ƙarfafa wannan makami. A shekarun farko, da aka sakar wa asibitoci ciniki, farashin kowane aiki ya lafa amma yawan ayyuka ya yi sama. Abin da ya taka wa kashe kuɗi birki daga 2012 shi ne yarjejeniyar da minista ya zauna ya ƙulla da asibitoci da kamfanoni, aka ƙayyade ƙarin da za a yi a shekara, da farko kashi 2.5 cikin 100. Wato hannun gwamnati ne, a tsakiyar tsarin da aka gina don kasuwa. A Oktoban 2018 kuma asibitin Slotervaart na Amsterdam ya karye, aka kwashe majinyata daga gadajensu cikin 'yan kwanaki. Gasa ba ta da haƙora sai wanda ya kasa zai iya rufewa, amma ba al'ummar da ke jure ganin an rufe asibitin garinsu haka.

Inda gasa ta fi cin nasara

Sayen magani ne, musamman wanda wa'adin mallakar kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya ƙare. Ƙwayar magani abu ce da ake iya aunawa a ɗakin gwaji, masu yin ta suna da yawa, mai saye kuma ya san ainihin abin da yake nema. Hukumar Pharmac ta Niyu Zilan, wadda aka kafa a 1993, takan tallata magani guda, kamfanin da ya fi araha ya samu kusan dukkan kasuwar ƙasar na kusan shekara uku. Kamfanonin inshorar Holan sun yi irin haka a 2008, farashin wasu magungunan rage kitsen jini da na gyambon ciki ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. A nan mai saye ɗaya ne ko kaɗan, masu sayarwa ne ke takara.

Shi ma yana da iyaka. In aka matse farashi har kamfanoni suka gudu, aka rage da ɗaya ko biyu masu dogaro da masana'anta guda a Indiya ko Sin, rana ɗaya za a wayi gari ba magani. A hunturun 2022 iyaye a Jamus sun riƙa yawo kantin magani suna neman ruwan maganin zazzaɓin yara. Dokar 2023 ta sassauta farashin magungunan yara, ta kuma wajabta wa mai kwangila ajiye kayan wata shida. Raba kwangila tsakanin kamfanoni biyu ko uku yana ɗan ƙara tsada, amma yana hana yankewa.

Abin da ya shafi Najeriya

Tsarin inshorar Najeriya, wanda aka yi wa doka a 1999 aka ƙaddamar a 2005, ya ɗauko siffar gasar kamfanoni ta hanyar HMO, wato kamfanonin da ke tsakanin asusun inshora da asibitoci, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 kuma ta mayar da inshora wajibi ga kowa, jihohi irin Kano suna da nasu hukumomin. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, don haka aikin farko shi ne tara jama'a cikin asusu mai faɗi. Asusun da aka daddatsa ƙanana ba ya iya ɗaukar masu ciwo 50 ɗin nan na misalin da ya gabata. Gana ta fara nata a 2003 da asusun gundumomi, a 2012 ta haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Ana biyan asibitin matakin farko wani abu a kan kowane kai a wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba, manyan ayyuka kuma sai HMO ta ba da lambar izini. Biyan kuɗi bisa kai yana da tasa karkatar: asibiti yana cin riba in bai yi aiki ba. Kuɗin ya tsaya a naira 750 daga 2012 har fiye da shekara goma, farashin magani kuwa ya ninka sau da yawa. Sakamakon shi ne abin da masu katin inshora suka sani: a ce maganin ya ƙare a je a saya a waje, a tura mutum babban asibiti a kan abin da za a iya yi a nan, ko ya yini a benci ana jiran lamba. Gyaran wannan ba ya buƙatar ƙarin kamfanoni. Yana buƙatar a riƙa sabunta farashi kowace shekara bisa lissafin abin da asibitoci ke kashewa, a bambanta kuɗin kan jariri da mai ciki da dattijo daga na saurayi, a sa wa biyan asibiti da bayar da lamba wa'adi mai tara, a kuma wallafa wa kowane asibiti abubuwa kaɗan da ake iya tantancewa: kaso nawa na magungunan da aka rubuta aka bayar a wurin, mata nawa suka kammala awon ciki, mutum nawa suka ɗauke katinsu suka koma wani wuri.

Zaɓin asibiti yana da ma'ana a cikin Kano ko Kaduna ko Zariya, inda mutum zai iya hawa adaidaita sahu ya canza wuri. A ƙaramar hukumar da babban asibiti ɗaya ne, mafi kusa da shi kuma tafiyar awa biyu ce, ba wanda zai yi takara da shi. Can abin da zai yi aiki shi ne kason shekara mai tabbas don ɗakin haihuwa da na gaggawa su kwana a buɗe, da ɗan ƙari a kan ayyukan da aka tabbatar an yi, da mai duba aiki wanda ba asibitin ke biyan sa ba. Sayen magani kuwa ana iya haɗa shi a matakin jiha ko jihohi maƙwabta, a tallata magungunan da aka fi sha guda 50 ko 100, a raba kowanne tsakanin masu kawowa biyu da NAFDAC ta yi wa rajista, a gwada samfuri daga kowane kaya kafin a biya, a kuma biya cikin wa'adin da aka rubuta, domin ɗan kwangilar da ya san zai jira kuɗinsa wata tara yana zuba wannan jiran a cikin farashi tun ranar da ya miƙa takarda.